Tarin fuka da ƙanjamau a jiki ɗaya: wa ya fi dacewa ya tsaya wa majinyaci kan shan magani?

Idan aka auna kakin mutum aka ce tarin fuka ne, aka ɗebi jininsa kuma aka ce yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, maganin duka biyun kyauta ne a Najeriya. A jihar Gombe ana samunsa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru da ke cikin gari, da asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Zambuk, da manyan asibitocin garuruwa irin su Kumo da Bajoga da Kaltungo da Billiri. Maganin tarin kuwa har a ƙananan asibitocin unguwa ana bayarwa. Samun ƙwayar ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce ta wuce maƙogwaro kullum ba fashi, wata shida ga tarin, iya tsawon rai ga ɗayar. Shi ya sa kafin malamin asibiti ya rubuta kati yakan ɗaga kai ya ce, "Wa zai tsaya maka?" Mutumin da bai fi minti goma da jin labari biyu masu nauyi ba, sunan da ya fara zuwa bakinsa shi yake faɗa, alhali amsar nan ta cancanci a kwana a kanta.

Kafin a auna wa ya fi dacewa, sai an san irin kayan da za a ɗora wa mai tsayawar. A wata biyun farko majinyaci yana shan magungunan tari huɗu da aka dunƙule a ƙwaya ɗaya, yawanci ana ba shi ƙwaya uku ko huɗu gwargwadon nauyinsa, ya sha da sassafe kafin ya ci komai. A wata huɗun da ke biye haɗin ya koma na magunguna biyu. Maganin ƙanjamau da aka fi bayarwa yanzu shi ne wanda ake kira TLD, ƙwaya ɗaya a rana, kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi cikin mako biyu da fara na tari, sai dai in tarin ya taɓa ƙwaƙwalwa, nan akan jinkirta wasu makonni. Ga Septrin mai tare cututtukan da ke samun kafa idan garkuwa ta yi ƙasa, ga bitamin B6 don kada ƙafafu su riƙa zugi da mutuwa.

Sai kuma wata 'yar ƙwaya guda da nake so a riƙe ta a rai, domin da ita zan gwada kowace hanya. Rifamfisin, maganin tarin nan mai mai da fitsari ja, yana sa hanta ta yi saurin ƙone dolutegirabir, wanda shi ne jigo a cikin TLD. Don haka ake ƙara wa majinyaci ƙwayar dolutegirabir ita kaɗai, a sa tazarar awa 12 tsakaninta da TLD. Wani asibitin zai ce TLD da safe, ƙarin da dare, wani ya ce akasin haka. Duk yadda aka juya dai, akwai shan safe akwai shan dare.

Mutane ba a makon farko suke jefar da magani ba, lokacin tsoro bai sake su ba. Sai an yi wasu makonni ana sha. Tari ya lafa, gumin dare ya tsaya, abinci ya fara shiga, mai acaba ya ji zai iya hawa babur ɗinsa, sai ƙwayoyin su fara yi masa kama da aikin banza. Wani kuma akasin haka ke faruwa da shi: bayan ya fara maganin ƙanjamau garkuwarsa ta farfaɗo ta far wa ƙwayoyin tarin, zazzaɓi ya dawo, kaluluwar wuya ta kumbura, dangi su ce maganin asibiti bai karɓe shi ba, a tafi na gargajiya. Wanda ya yi fashin wata biyu a jere, a littafin asibiti ya shiga layin waɗanda suka ɓace. In ya dawo kuma, mai yiwuwa tarin ya riga ya yi taurin kai, na'urar auna kaki ta GeneXpert ta nuna rifamfisin ba ya cinsa. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da ƙanjamau a duniya, kuma mai ɗauke da ita ya fi wanda ba ya da ita haɗarin kamuwa da tarin fiye da sau goma.

Tsohuwar hanya ita ce zuwa asibiti kullum. Ka sammaka ɗakin DOTS, wato inda ake shan maganin tari a gaban ma'aikacin lafiya, malamin ya ɓare sashe ya zuba maka a tafin hannu, ka kora da ruwa a gabansa, ya buga alama a kati. Alherinta a fili yake. Wanda ya ga ka sha ma'aikacin lafiya ne, ba ya jin nauyinka, kuma idonsa ya saba: zai lura idonka ya fara yin ɗorawa kafin kai kanka ka duba madubi, zai ji kana cewa ba ka gani sosai ya san wace ƙwaya ce ke jawo hakan. Ranar da ba ka zo ba, a ranar aka sani.

Amma a lissafa. Wata biyun farko kaɗai zuwa kusan sittin ke nan da dawowa sittin. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke napep da acaba ya zama abin da magidanci ke tsayawa ya yi tunani a kai, balle wanda ciwo ya kwantar da sana'arsa. Wanda gidansa ke Bolari ko Jekadafari, asibiti yana bayan layinsu, zai iya takawa. Wanda ke ƙauyen Dukku ko Nafada ko Balanga, da damina ga hanya ta yanke, wannan shawarar ba da shi ake ba. Ga Asabar da Lahadi da ranakun hutu, da yajin aikin ma'aikatan lafiya in ya tashi. Ga kuma ido: mutum ya riƙa shiga ƙofa ɗaya kowace safiya, mai shayin bakin asibiti ma ya haddace fuskarsa. Mafi girma duka, asibitin safe ba ya ganin shan dare. Ana iya cike katin tari tsaf ba ɓaraka, alhali maganin ƙanjamau rabi ake sha, kuma ba wanda zai sani sai an ɗebi jini bayan wata shida. Wani babban bita da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2015, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 11, bai ga cewa tsare mutum da ido shi kaɗai yana ƙara yawan masu warkewa ba, bai kuma ga wani bambanci a zo a gani ba tsakanin a sha a gaban wani a asibiti da a sha a gaban wani a gida. A ganina wannan hanya ta mutum uku ce: wanda ya taɓa guduwa daga magani, wanda shaye-shaye ya hana shi riƙe lokaci, da wanda ba shi da kowa a garin. Ko su ɗin ma sai in asibitin na kusa ne.

Asibitoci da dama sun riga sun gane haka, shi ya sa suke ba mutum maganin mako ɗaya ko biyu ya tafi gida, a rubuta sunan wani ɗan uwa a matsayin mai tsaya masa. Wannan ita ce hanyar da kusan kowa ke faɗawa, kuma ita ce ta fi buƙatar a duba ta da kyau, domin alherinta da sharrinta daga tushe ɗaya suke fitowa.

Ɗan gida ba a biyansa kuɗin mota. Yana nan da asuba, yana nan bayan isha'i, ke nan shi kaɗai ne cikin duk masu tsayawa yake iya ganin shan safe da na dare da idonsa. Shi ke dama kunu, shi ya san ko an yi amai bayan an sha, shi zai ga ƙuraje sun feso a baya. Ba asibitin da ke da wannan gatan.

Sai dai gidan Bahaushe yana da tsarinsa, kuma tsarin bai san da kati ba. A ɗauki matar da aka ce ta tsaya wa mijinta. Ta kawo ruwa a kofi da ƙwayoyi a murfin roba, ta durƙusa ta ce, "Malam, ga maganin." Ya ce, "Ajiye nan, in na idar da lazimi zan sha." Ta ajiye ta fita, don ba ta da bakin cewa sai ta ga ya haɗiye. Ta koma ɗaki ta buga alama a kati, saboda a wurinta ta sauke nata. Ko ɗan da aka ɗora wa tsaron mahaifinsa: ya ce "Baba, lokaci ya yi," Baba ya harare shi sau ɗaya, magana ta ƙare. Duk wanda ya saba duba katunan nan ya san irin wanda aka cike a zama ɗaya, alamomin kwana goma sha huɗu da biro ɗaya da karkata ɗaya, an buga su a kan gwiwa a cikin keke napep ana hanyar asibiti. Ba ƙarya aka yi niyya ba, kunya ce da jin nauyi. Jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun fifita ma'aikacin lafiya ko ɗan sa-kai da aka horar a kan dangi, kuma wanda ya zauna a gidajenmu ba sai an yi masa dogon bayanin dalili ba.

Saboda haka idan ɗan gida za a ɗauka, a ɗauki wanda majinyacin ke jin nauyinsa, ba wanda ke jin nauyin majinyacin ba. Uwa a kan ɗanta, yaya a kan ƙaninsa, gwaggo a kan 'yar ɗan uwanta. Uwar da za ta ce "Buɗe bakin in gani" ba tare da muryarta ta yi rawa ba ta fi matar da ta yi boko amma ba ta iya musu da miji. Sai dai a zaunar da uwar a yi mata bayani da bakin malamin asibiti, don ita ce kuma ta fi kowa saurin karɓo saiwa da sassaƙe in ta ga ido ya yi ɗorawa. A wurinmu shawara ciwon gida ce, da jiƙo ake fara tararta. Ga mai shan maganin tari kuwa, ɗorawar ido da amai da ciwon ciki ta dama alama ce hanta ta fara jigata, kuma abin yi shi ne a tafi asibiti a ranar, ba a ƙara wa hantar wani nauyin ba. Addu'a da tofi ba su taɓa hana magani aiki ba. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba shi ne abin tsoro.

Babbar tambayar da ke kan wannan hanya ita ce: me mai tsayawar ya sani? Yawancin majinyata suna faɗar tarin su ɓoye ɗayar. Sai gidan ya zama da magani iri biyu, na fili a kan tebur, na ɓoye a ƙasan akwati ko cikin aljihun babbar riga, an zuba shi a robar da aka kankare rubutun jikinta. Mai tsayawa yana lura da rabi, ɗaya rabin kuma sai an faki ido ake sha, ranar da baƙi suka kwana a ɗakin ba a sha ke nan. Idan matar aure ce a gidan da akwai kishiya, tsoron ya ninka: tana gudun gori, tana gudun saki, tana gudun a ce ita ta kawo. Ba na cikin masu cewa kowa ya fito ya faɗa wa duniya. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da ƙanjamau tana nan tun 2014, amma doka ba ta shiga tsakar gida ta hana a ware wa mutum kwano. Abin da nake cewa shi ne, mutum ɗaya tak a cikin gidan ya san duka biyun, kuma shi ne zai zama mai tsayawa. In babu ko mutum ɗaya da za a iya gaya wa, to gidan bai dace da wannan aikin ba, a nemi na waje. Miji ko mata kuwa haƙƙinsu ne su sani su yi gwaji, kuma masu ba da shawara a asibiti sun saba zaunar da ma'aurata su faɗa a gabansu, ba sai mutum ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba.

Na waje kashi biyu ne, kuma kada a haɗa su. Akwai ma'aikacin lafiya na unguwa ko ɗan sa-kai da aka horar kan tarin fuka, akwai kuma ɗan ƙungiyar masu ɗauke da ƙanjamau, irin rassan NEPWHAN, uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, da ke haɗuwa a asibitocin da ake ba da maganin.

Na farkon ya haɗa abu biyu da suka rabu a hanyoyin baya: yana kusa, kuma ba ya jin kunyar ƙirga sashe. Zai ce "Kawu, kawo ledar in gani," ya ƙirga ramukan da aka ɓare ya gwada da kati, in akwai saura uku ya tambaya ba tare da faɗa ba. Ya san ranar kai kaki, a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida. Ya san yaran gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, suna buƙatar a duba su a ba su maganin rigakafi. Zai gaya wa matan gida cewa tarin a iska yake tafiya, a buɗe taga a bar rana ta shiga, ba a kofi ko kwano yake ba, kuma bayan kamar mako biyu ana shan magani daidai haɗarin yaɗawa ya ragu ƙwarai. Wannan kalmar kaɗai ta isa ta dawo da mutum cikin iyalinsa daga ɗakin zaure da aka ware shi. Wannan ce hanyar da jagororin 2017 suka fifita a kan zuwa asibiti: a sha a gida ko a unguwa, a gaban wanda aka horar.

Aibinsa kuma daga kusancin ne. Ɗan unguwa ne, ya san kowa kowa ya san shi, in bakinsa bai da linzami an gama. Ko da yana da riƙon amana, sallamarsa a ƙofa ɗaya kowace safiya da jaka a kafaɗa ita ma sanarwa ce. Masu dabara kan sauya wurin haɗuwa: a shagonsa, a bayan masallaci bayan asuba, ko mace ta shiga gidan 'yar sa-kan kamar ta je kitso. Namiji ba zai shiga wurin matar kulle ba, sai a nemi mace. Sannan da yawansu ɗan alawus ɗin da suke samu daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairun 2025, irin waɗannan ma'aikata a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, an wayi gari an ce su dakata. Wanda ya jingina kacokan a kansu ya ji a jikinsa. Shi ma dai, kamar asibiti, ba kasafai yake ganin shan dare ba.

Ɗan ƙungiya kuwa wani abu yake kawowa da ba wanda ya iya kawo shi. Likita ya ce wa majinyaci zai rayu, sai ya ji kamar lallashi ne. Amma mace mai ƙiba da lalle a hannu, da goyo a baya wanda aka haifa ba ya ɗauke da cutar, ta zauna kusa da ita a benci ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki, ni ma irin robar nan ce a jakata," wannan gani ne, ya kori ji. Ga wanda ya yanke ƙauna, ko wanda tsoron tonon asiri ya fi ciwon damunsa, ban san abin da ya kai wannan ba. Kuma shi sirrinka ba ya yi masa nauyi, don irinsa yake ɗauke da shi. Sai dai ba kullum zai zo ba, kuma ba lalle ya san maganin tari kamar yadda ya san nasa ba. Abin da ya fi kowa da shi shi ne ɗorewa: sauran duk aikinsu wata shida ne, shi kuwa yana nan bayan an rufe katin tari.

Waya fa? Ƙararrawar waya kyauta ce, kuma ta fi amfani idan aka ɗaura ta a kan abin da ba ya motsi: bayan sallar asuba da bayan magariba, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusa da awa 12 ɗin da ake nema. Saƙon tes kuma ya danganta da ko akwai mutum a ɗaya gefen. Gwajin da aka yi a Kenya aka wallafa a 2010 ya nuna saƙo ɗaya a mako ya taimaka wa masu shan maganin ƙanjamau, amma saƙon tambayar lafiya ne da ake jiran amsarsa, wanda bai amsa cikin kwana biyu ba nas ta kira shi. Kiran ne maganin, ba ƙarar wayar ba. Akwai kuma ɗaukar bidiyo kana haɗiyar ƙwaya ka tura wa ma'aikaci, wanda ya dace da ɗalibi ko ma'aikacin ofis mai babbar waya da data da caji. A gidan da waya ɗaya ke yawo hannu huɗu, ko miji ke riƙe da ta matarsa, saƙon da ya ambaci magani tonon asiri ne. A roƙi ma'aikacin ya rubuta "Ina kwana, ya jiki?" kawai. Ni dai ban ɗauki waya a matsayin mai tsayawa ba, 'yar rakiya ce. Inda ta yi rana shi ne shan dare, wurin da asibiti da ɗan sa-kai ba sa kaiwa, da kuma lambobin kyauta: 3340 don tarin fuka, 6222 don ƙanjamau.

Akwai wani zaɓin da ke ɓoye a ƙarƙashin waɗannan, wato ina za a buɗe kati. Gudun idon sani yana sa mutumin Kumo ya buɗe na ƙanjamau a cikin Gombe, mutumin Gombe ya tafi Bauchi, na tari kuma a bar shi a asibitin unguwa. Na fahimci dalilin, amma kati biyu a gari biyu kuɗin mota biyu ne, layi biyu, da ma'aikata biyu da ba su san da juna ba. A nan ne 'yar ƙwayar nan ke faɗuwa: mai ba da TLD bai san an fara rifamfisin ba, bai ƙara komai ba. Wanda ke kan maganin ƙanjamau na mataki na biyu haɗarinsa ya fi, don wasu daga cikin magungunan nan ba sa jituwa da rifamfisin sai an sauya tsari. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu ita ma ta faɗa, domin rifamfisin yana rage musu ƙarfi. Inda hali ya yi, a haɗa katunan biyu a asibiti ɗaya, a roƙi a sa ranar karɓar magani ta zama ɗaya. In dole sai an raba, kowane ɓangare ya ga katin ɗayan da idonsa.

Duk mai tsayawar da aka zaɓa, yunwa tana iya kayar da shi. Maganin tari yana buɗe ciki, mutum ya sha da asuba hantsi ya yi ba abin karyawa, gobe sai ya ji tsoron sha. Gwajin da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, wanda aka wallafa a 2023, ya nuna majinyatan da suka ƙara nauyi a wata biyun farko mutuwa ta ragu ƙwarai a cikinsu. Don haka dangin da ba za su iya zuwa kullum ba su ma suna da aiki: wan da ke da shago a Tudun Hatsi ya ɗauki nauyin mudun wake da gero, wani ya ɗauki kuɗin motar ranar asibiti. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da zogale da nono da ƙwai in an samu, ba sai an nemi abin kanti ba.

Azumi da tafiya su ma a yi maganarsu tun kafin su zo, ba a fafe gora ranar tafiya. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama, kuma wanda ke wata biyun farko, jiki ba ƙwari, shi ne ya fi cancantar rangwamen. Wanda ya murmure yana son ya yi, ya je a tsara masa lokutan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya tsara da kansa. Ɗan cirani da direban babbar mota da makiyayi kuwa su nemi takardar sauya asibiti ko ƙarin magani kafin su ɗaga, don maganin iri ɗaya ne a Legas da Fatakwal da Gombe.

Da za a tambaye ni, ga magidancin da matarsa ta san komai kuma ta yi gwaji, zan ce ita ta riƙe shan dare da abinci, amma ƙirgar sashe a bar wa ɗan sa-kai ko wansa, sau ɗaya ko biyu a mako, don kada a ɗora mata abin da ba za ta iya tilastawa ba. Ga matar da ba ta gaya wa kowa a gidan miji ba, 'yar ƙungiya mace tukuna, da ƙararrawar waya, sannan a hankali a nemi hanyar zaunar da mijin a asibiti. Saurayin da ke kwana a shago ko a tasha, asibitin da ya fi kusa da wurin sana'arsa kullum a wata biyun farko, in ya nuna riƙo a sassauta masa. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka yi ƙasa da 200, ko ba ya iya tashi, wannan ba batun zaɓi ba ne: ɗan gida a gefensa dare da rana, ma'aikacin lafiya yana leƙowa, in ta kama a kwantar da shi.

Wata na bakwai shi ne wanda ba a cika shirya masa ba. An auna kaki na ƙarshe an ce tari ya warke, dangi sun yi barka, ɗan sa-kai ya koma kan wani majinyacin, uwa ta koma ƙauye. Majinyaci ya yi ƙiba, kuma cikin gida waɗanda tarin kaɗai suka sani suna tambaya, "Wai har yanzu maganin me kake sha?" Da yawa a nan suke ajiye TLD tare da katin tarin. Ranar da za a sallame shi daga ɗakin DOTS, mai tsayawa ya raka shi ɗakin masu ba da maganin ƙanjamau. A tambayi ranar daina ƙarin dolutegirabir, wanda ake ci gaba da sha har mako biyu bayan ƙwayar tari ta ƙarshe, a rubuta ranar a jikin robar. A karɓi ranar ɗibar jinin da ke auna yawan ƙwayar cutar, wanda ake yi bayan wata shida da fara magani. Idan sakamakon ya yi kyau, asibiti kan fara ba mutum maganin wata uku, daga baya har na wata shida a zuwa ɗaya, kuma a ranar ce ya kamata a rubuta sunansa a ƙungiya in bai riga ya shiga ba.